Injiniyan Ƙwarya

Shekarun baya, can cikin shekarun saba'in, na tafka wata wauta da har yau ban daina tuna ta ba. Wauta kam ba baƙuwata ba ce. Ni ne na yi aji biyu a firamare, na biyun ma maimaicin na farko ne, har malamin ya sallame ni da addu'ar Allah ya haɗa ni da sana'ar da ba ta buƙatar kai. Sai dai sauran wautocina ni suka ci. Wannan ƙanena ta ci.

Mu mutanen Gwandu ne. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, gida ya koma hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Mutum ne da in ya ce a'a, ko kaza ba ta ƙetare zaurensa. Yana da injin niƙa a bakin kasuwar Kalgo, ni ya tura in kula da shi, tunda an ga ba ni da kan karatu amma ina da damtse da baki. Bakin nan kuwa shi ne jarina. A duk gidanmu ni kaɗai nake iya sa Baffa dariya.

Ƙanena ba irina ba ne. Shiru-shiru ne, ga kai kamar an wanke. Ya gama sakandare, ya sami gurbi a wata jami'a can Kudu. Baffa ya ce babu inda za shi, abin da ya karanta ya isa ya sami aikin malanta kusa da gida. Yaron ya daina cin abinci. Mahaifiyata, Inna, ta aiko a ce mini in zo in gwada bakina.

Na ja ƙanen nawa bayan rumbu na ce, "Kai, mi za ka karanta can?"

Ya ce, "Injiniyancin masana'antu, Yaya."

Ni dai injiniya na ji. Sauran maganar ta zube a hanya kamar hatsi a ɓulallen buhu. A wurinmu lokacin, injiniya mutum ɗaya ne: wani mai shuɗin kaya duk baƙin mai, da ke zuwa daga Birnin Kebbi in injinmu ya lalace. Sai ya ga dama yake zuwa, a yanka masa kaza, ya kwance ƙarfe biyu, ya tafi yana yi mana kallon ƙauyawa. Baffa ya tsane shi kamar ciwon haƙori.

Na shiga zaure na durƙusa. Na ce, "Baffa, yaron ga gyaran inji za shi koyo. In ya dawo, mai shuɗin kaya sai dai shi ci kazar gidansu. Kai, har sabon inji za shi ƙera maka, mu kai kasuwar Maruda mu dasa."

Baffa ya yi dariya har yana share ido da bakin rawani. Ya ce, "In don inji ne, shi tahi."

Haka ƙanena ya tafi jami'a, a kan ƙaryar da ni kaina ban san ƙarya ba ce.

Shekara biyu ina cika baki a Kalgo. Duk matar da ta kawo niƙa sai ta ji labarin injiniyanmu. In bel ya tsinke sai in ce wa injin, "Yi abinka, maigidanka na nan tahe." Da ya zo hutun farko ban tambaye shi abin da ake koya musu ba. Wa ke tambayar abin da ya riga ya sani? Shi kuma ba mai yawan magana ba, bai san irin ginin da na yi a kansa ba.

A dogon hutu na biyu injin ya mutu. Na juya hannun tayarwa har kafaɗata ta yi tsami, sai tari yake yana tofar da baƙin hayaƙi. Abokina, wani mahauci da rumfarsa ke kusa da tamu, ya ce in aika Birnin Kebbi. Na ce Allah ya kiyaye, ga namu a gida yana hutu? Na aika Gwandu a ce ya zo ranar kasuwa. Da gangan na zaɓi ranar kasuwa, don ido ya gani.

Ya sauko daga mota da farar riga, yana murmushi, ya zaci kewarsa na yi. Ya tarar da rabin kasuwa a bakin rumfa. Mata sun jera ƙorai tun daga bakin injin har gindin darbejiya, maza sun bar ciniki sun zo kallo. Na damƙa masa babbar sifana na ce, "Bismilla, injiniya."

Ya dubi sifanar, ya dubi injin, ya dube ni. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ni ba gyaran inji nike karantawa ba."

Da ina da hankali, da na ja shi gefe. Amma sai na ce da ƙarfi, "To mi kake karantawa?"

Allah sarki. Ya zaci da gaske nake son sani. Ya ce su tsarin aiki ake koya musu. In an gina babbar masana'anta, ina inji zai zauna, ina mutum zai tsaya, me za a fara, me zai biyo baya, yadda kaya ba za su taru wuri ɗaya ba, mutane ba za su gaji a banza ba. Ya ga ba mu gane ba, sai ya nuna layin ƙorai.

"Ka ga nan, Yaya. Ka niƙa gero, ka yi markaɗen wake, ka tsaya ka wanke, ka niƙa dawa, ka sake markaɗe, ka sake wanki. In ka ware busasshe wuri ɗaya, jiƙaƙƙe wuri ɗaya, wanki ɗaya za ka yi. Da mata sun koma gida kafin azahar."

Abin da bai tuna ba, ko kuma Kudu ta mantar da shi, layin ƙwarya a wurinmu ba layin hatsi ba ne. Layin mutane ne. Ta gidan liman ce gaba ko da ita ta zo ƙarshe, sannan na dattawa, sannan na sauran jama'a. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wato ɗan nan, ƙwaryar matar liman ta koma bayan ta amaryar jiya don dai tata ta wake ce?"

Aka fara dariya. Abokina mahauci ya ɗaga murya daga rumfarsa, "Mun ji na ƙwarya. To inji hwa?"

Idanu duka suka dawo kaina. Shekara biyu na cika baki suka taru suka zauna mini a wuya. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa haukan ba ya yi mini wuya. Na karɓe sifanar daga hannunsa, na ɗaga ta sama na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Mun aika a koyo muna inji, an dawo muna da injiniyan ƙwarya!"

Kasuwa ta ɗauka. Har mai tallan fura sai da ta sauke kayanta don dariya. Ni ma na yi, na ji sanyi a raina don kunyar ta sauka daga kaina. Ban duba inda ta faɗa ba. Ƙanena ya tsaya da tabon baƙin mai a hannun farar rigarsa.

Sunan ya riga mu isa Gwandu, direbobi sun kai shi. Washegari bayan la'asar Baffa ya sa aka kira mu zaure, ga dattawan unguwa zaune.

Ya ce wa ƙanena, "An ce ba ka san inji ba."

"Ba shi ne karatuna ba, Baffa. Namu na masana'antu ne, kamar masaƙa ko gidan siminti."

"Kana saƙa?"

"A'a."

"Kana gyara injin saƙar?"

"A'a, Baffa. Ni ne zan tsara yadda..."

"Wato kana tsaye kana kallon masu aiki."

Na ga yaron yana laluben kalma. Abin yana cikin kansa, amma da Turanci aka zuba masa, ya rasa ƙwaryar Hausa da zai juye shi. Ya ce tsari, ya ce lissafi, ya ce lokaci, kowace kalma in ta fito sai ta zama ƙarama a gaban dattawan nan.

Sai Baffa ya juyo gare ni. "Kai ne ka san inji, kai ne kuma ka kawo min maganar ga tun farko. Gaya min gaskiya, wanga karatu ne?"

Amsar tana bakina. In ce, Baffa, ni ne ban fahimta ba, yaron bai taɓa cewa gyara zai koyo ba, ka bar shi ya ƙarasa. Amma in na faɗi haka, na zama wanda ya yaudari Baffa a gaban dattawa. Ga su kuma sun zuba mini ido, bakunansu sun riga sun fara buɗewa, suna jiran abin da na saba ba su. Mai ban dariya bawa ne, jama'a, ku riƙe wannan.

Na ce, "Baffa, in dai mi za a fara mi za shi biyo ne, ai Inna ta daɗe tana yi a madafa, kuma ko Jega ba ta taɓa zuwa ba."

Zaure ya fashe. Baffa kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "To an gama. Ba za shi koma ba."

Ƙanena ya ce, "Baffa, saura kaɗan. Kuma gwamnati ce ke ɗaukar nauyina."

"Gwamnati ta haife ka? In ka koma, ba da yawuna ba."

Yaran yanzu za su ce me ya hana shi ɗaukar jaka ya tafi. Ba ku san zamanin ba, ba ku kuma san ƙanena ba. Mutum ne da ba zai sha ruwa ba in babba ya ce kada ya sha. Ni kuwa na ɗauka fushin kwana biyu ne. Na koma wurin Baffa da sababbin barkwanci, bai ko murmusa ba. Na daure na faɗa masa gaskiya, cewa kuskuren nawa ne. Ya ce, "Da can ƙarya ka yi min, ko yanzu kake yi? Da bakinka ka ce aikin madafa ne, gaban mutane." Magana zarar bunu. Dattawa sun ji hukuncinsa, kuma Baffa ba ya lashe abin da ya tofar.

Damina ta wuce, 'yan makaranta suka koma. Akwatin ƙarfen ƙanena ya zauna a ƙarƙashin gado da littattafansa a ciki. Daga baya ya karɓi aikin koyarwa a wata firamare wajen Ceberu. A nan ya ƙare aikinsa. Yara suna kiransa Malam a gabansa, a bayansa kuma sunan da na raɗa masa, ba su ma san asalinsa ba. Injin kuwa mai shuɗin kaya ne ya zo ya gyara, ya ci kazarsa, ya tafi.

Abin da ke ci mini rai yanzu, jikokin dattawan da suka yi dariya a zauren nan, wasunsu wannan karatun suka yi. Ka ji iyayensu suna faɗin sunan karatun a majalisa suna gyara hula, ko su ma ba su san me ake yi a ciki ba. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce wa ƙanena, ashe kai ka riga kowa. Baffa ya rasu yana ganin ya ceci yaro daga zaman banza. Ina jin haushinsa, ina jin haushin garin da ba ya yarda da aiki sai ya ga baƙin mai a hannu. Amma in na gama zagayen haushina, ƙofar gidana nake dawowa.

Ƙanena bai taɓa tayar da maganar ba. Yana gaishe ni da ladabi, yana zuwa duba ni in ba ni da lafiya, ya kira ni Yaya kamar kullum. Da ya zage ni sau ɗaya, da na fi samun barci.

Wadda ta yi magana Inna ce. Ranar sunan ɗan ƙanena na fari, na zauna a tsakar gida ina ta zuba, mata suna riƙe ciki, har goggonninmu suna roƙo in bari haka nan. Na shiga ɗakinta neman ruwa ina ta haki. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika duban fuskata ba. Ta miƙo mini moɗa, idonta a kan ƙofa, inda ƙanena ke tsaye yana karɓar barka.

Ta ce, "Kowa a garin ga ka sa shi dariya. Saura mutum ɗaya."