Zuma a Kan Likkafanin Inna

Inna ta rasu a tsakiyar bazara, ƙarshen shekarun saba'in, lokacin muna zaune a Laranto. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta. Wanda bai zauna a Jos ba yana zaton sanyi kaɗai muka sani, amma akwai 'yan makonni kafin ruwan farko da duwatsu ke ɗaukar zafi tun da hantsi, ciyawa ta bushe ƙayau, ƙoramu su koma yashi. A lokacin ne ɗorawa ke fure, jajayen ƙwallaye suna reto a rassa, kuma a lokacin ne ƙudan zuma ke yin zafin rai. Abinci ya wadace shi, ruwa ne babu. Za ka gan shi a bakin randa, a bakin famfo, har a kan butar alwala.

Inna ta daɗe da yin tanadin tafiyarta. Likkafaninta yana ƙasan adaka, tare da wata kwalbar turare da ƙawarta ta kawo mata daga Makka. Ko ranar Sallah ba ta taɓa shafa shi ba. Matan da suka yi mata wanka sun san haka, sai suka juye kwalbar duka a kan likkafanin, don su cika mata burinta. Da muka ɗauko makara, ƙamshin ya riga mu fita zaure.

Maƙwabcinmu, wani Bayarabe direba da Inna ke kira ɗanta, shi ya kai mu a motarsa a-kori-kura. Makabartar tana gindin wani tsauni, duwatsu sun hau kan juna, ga wata tsohuwar ɗorawa ta fito daga tsakaninsu. Masu haƙa sun sha fama da ƙasar, tun asuba suke dukanta da diga. Sun tara itacen rufi a gefe, sun kwaɓa laka a bokiti.

Ni da ƙanena muka sauka uwar kabari, wato faffaɗan ramin sama, muka durƙusa a bakin ɗan kabari, siririn ramin da za ta kwanta a ciki. Ni ta wajen kai, shi ta wajen ƙafa. Baffanmu da wasu mutum biyu suka ɗago ta daga makara suna miƙo mana.

Da fari na ɗauka babbar mota ce ke hawan tudu daga nesa. Sai na ga rana ta dusashe. Wani ya yi ihu, "Zuma!" Na ji nauyin Inna gaba ɗaya ya faɗo a hannuwanmu, domin na sama sun saki. Takalma, huluna, makara ta kife. Kafin in ɗaga kai babu kowa tsaye. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Wanda bai ji wannan ƙugin a kansa ba, ba zai gane ba.

Liman tsoho ne, ƙafarsa ba ta gudu. Ya kwanta rubda-ciki a bakin kabarin, ya ja rawani ya rufe kansa. Daga ƙarƙashin rawanin muryarsa ta fito a hankali.

"Kada wanda ya kaɗa hannu. Kada ku kashe ko guda. In kun murƙushe ɗaya, warinsa zai kira sauran."

Ƙudan zuman suka sauka a kan likkafanin. Ni da na tashi da alƙalami da tawada, abin da na gani kamar baƙaƙen rubutu ne suna yawo a farar takarda, suna taruwa har farin ya kusa ɓacewa. Suka bi yatsuna, suka shiga hannun rigata. Inna tana rataye tsakanin hannuwanmu, ba ta sama, ba ta ƙasa.

"Yaya," in ji ƙanena ta tsakanin haƙora, "suna cikin kunnena."

"Bar su."

"Yaya, wallahi zan sake ta."

"Ta goya ka har ka yi haƙori kana cizon bayanta, ba ta sake ka ba. Riƙe."

Na ji ya yi wani sauti, ban san ko kuka ba ne ko dariya. Amma ya riƙe.

Muka fara sauke ta kaɗan-kaɗan. Ramin matsattse ne, in kafaɗarta ta gogi bango za mu murƙushe na jikin likkafanin. Na sa gwiwata na tallafe ta, na zare hannu ɗaya, na kama gefen rigata ina share su a hankali, kamar mai share gari daga faifai. In na share nan, su sauka can. Harbin farko a wuya na same shi. Na biyu a fatar ido. Na cije, ina ambaton Allah a zuci, domin ko numfashi mai ƙarfi tsoronsa nake ji.

"Ta kwanta?" in ji liman.

"Da saura, Malam."

"Ku bi a sannu. Ba wanda zai ce ta makara."

Da bayanta ya taɓa ƙasa, saura mu juya ta kan damanta ta fuskanci alƙibla. A lokacin idona na hagu ya rufe, na dama yana ta ruwa. Na ce wa ƙanena, "Tare. Bismillahi." Muka juya ta. Na lalubi ɗaurin kai na sassauta, na tura hannu na gyara mata wuya.

Itacen rufi kuwa yana can sama, hannu ba ya kaiwa, kuma wanda ya miƙe tsaye ya san abin da zai same shi. Muna nan durƙushe sai na ji ana jan ciki a kan tsakuwa. Direban nan ne, ya rufa buhu a ka, yana turo itacen da bokitin laka a gabansa.

"Oga, karɓa," ya ce. "Na gudu, na dawo. Mama ya ba ni tuwo tun ina yaron mota."

Yana miƙo mini ɗaya-ɗaya, ina jerawa a bakin ramin, ƙanena yana kore na ciki da hularsa a hankali don kada mu rufe su tare da ita. Muka shimfiɗa ganye, na dinga ɗebo laka ina toshe kowace kafa. Ban san abin da ya janye su ba: ko lakar ce ta danne ƙamshin, ko danshin bokitin ne ya ɗauke musu hankali, domin na ga sun yi baƙi a bakinsa suna sha, ko kuwa lokacin da Allah Ya ɗibar musu ne ya cika. Ƙugin dai ya yi ta raguwa, ya koma wajen duwatsu.

Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu ba hula, wasu leɓe a kumbure, ba mai kallon idon wani. Aka tayar da liman, aka kama hannun ƙanena aka fito da shi, ya zauna a ƙasa ya kasa buɗe yatsunsa. Baffa ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana duban lakar.

"Gabas take kallo?" ya tambaya.

"Gabas, Baffa."

"Ka gani da idonka?"

"Idon ya rufe. Da hannuna na taɓa fuskarta."

Ya gyaɗa kai. Da na fito, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa da tafinsa ya zuba, sannan ya ce wa masu shebur su matso.