Zakaran Baba

Autanmu ba ya iya walda. Idan ya haɗa ƙarfe biyu, ka taɓa da yatsa sai su rabu. Abin da ya iya shi ne adana takarda. Rasit ɗin sabulu ma sai ya goge shi ya sa a fayil, shi ya sa duk layin maƙera ake ce masa Akawu.

Babanmu murhun gawayi yake ƙerawa. Kowane murhu idan ya gama, sai ya ɗora wani ɗan hatimin ƙarfe a gefensa, ya buga guduma sau ɗaya, hoton zakara ya fito. Da ya rasu muka zo rabon shago, ni babba na rungume injin walda da almakashin yankan kwano. Akawu ya ce shi hatimin kawai yake so. Na yi dariya har da riƙe ciki, na miƙa masa.

Ashe ofishin rajistar tambari ya nufa da shi. Aka duba ko wani ya riga shi, aka buga sanarwa, aka jira wata da watanni ba wanda ya yi ƙorafi, sannan aka ba shi takardar shaida. Ya sa ta a gilashi ya rataye. Ya kama shago a tsallaken titi, ya ɗauki maƙera biyu, su yi aikin, shi ya duba ya buga zakara.

Ni kuma na ƙirƙiro wata 'yar ƙofar iska da ke rage cin gawayi. Don jin daɗi na ajiye murhun a bakin titi, duk wanda ya tsaya sai na kwance masa ita ya gani. Akawu ya ce, "Yaya, rufe ta tukuna, mu je a yi mata rajista." Na ce ya tafi can da tarkacen takardunsa. Bayan shekara biyu, da kowane shago ya kwaikwaya, na je ofishin da kaina. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, abin da ya riga ya bazu a kasuwa ai ya daina zama sabo."

Abin da ya fi ci mini rai, mata su zo har shagona, su juya murhuna mai kyau, su ce, "Ina mai zakara?" Sai na nuna musu tsallaken titi, ina kallo suna fitowa da shi a ka. Wallahi baƙin ciki nake yi, ba zan ɓoye ba. Matata ta ce idan na ji an ambaci ƙanena ko abinci ba na gamawa.

Ƙarshe na zauna na sassaƙa nawa hatimin, zakara tsaf, ya fi na Baba kyau. Na fara bugawa ina sayarwa. Kwana uku aka yi Akawu ya tsallako da murhuna a hannu.

"Yaya, wata ce ta kawo mini. Ta ce jabu ne."

"Jabu? Zakaran ubana?"

"Na Baba wutsiyarsa a gutsure take, tun ranar da guduma ta kuskure masa. Ta naka cikakkiya ce."

Shekara ashirin ina gefen Baba, ban taɓa lura ba.

Na zaci takardar lauya zai zaro. Sai ya fito da takardar izini: in riƙa buga zakaran a murhuna, muddin zai duba aikin. Ya ajiye hatimin na gaske a kan bencina.

Na sa hannu, ban ɗago kai ba. Yanzu kullum da safe wanda bai iya walda ba yana tsallakowa ya ƙwanƙwasa aikina, ya gyaɗa kai. Idan la'asar ta yi, ni nake tsallaka titi in mayar masa da zakaran Baba.