Murar Goggo Ta Farko

Goggo mai ɗinki, wadda har 'ya'yan cikinta Goggo suke ce mata, ta haura hamsin ba a taɓa jin atishawarta ba. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keke a jikin taga, ƙyallaye har gwiwa, allura kullum a leɓenta. Idan mura ta kwantar da unguwa, ita tana nan tana taka kekenta, tana ce wa mijinta, tsohon direban da majina ba ta rabuwa da shi, "Malam, kai dai jikinka masaukin baƙi ne."

Wata shekara sai yatsunta suka fara kumbura. Da safe su sandare, riƙe almakashi ya gagare ta. Ta ɗora wa sanyi laifi, ta ɗora wa sabulu, har ta fara zargin telan tsallaken titi da yi mata asiri. Da ƙyar autarta ta ja ta asibiti.

Likitar ta duba sakamakon jini ta ce, "Mama, kowane jiki yana da garkuwa, ita ke kama ƙwayoyin cuta ta kashe. Taki ce ta rikice, ta daina bambance baƙo da ɗan gida, gaɓoɓinki take yaƙa."

"Wato ƙarfi ne ya yi mata yawa," in ji Goggo, tana gyara mayafi.

"Ba haka nake nufi ba, Mama."

"Auta, kin dai ji da kunnenki. Ki gaya wa babanki."

Aka ba ta maganin da zai lafar da garkuwar, aka kuma ja mata kunne: yanzu cuta za ta fi saurin kama ta, ta guji mai tari, in ta ji zazzaɓi ta dawo maza. Kumburi ya saɓe, almakashi ya koma hannu. Jan kunnen kuwa a bencin asibiti ta baro shi. Wata da ta kawo ɗinki ta zo gwada riga tana ta tari a fuskarta, ba a jima ba hancin Goggo ya toshe.

Abin da ba ta taɓa gani ba ke nan. Ta miƙe a gado, ta sa aka tara 'ya'yanta, ta shiga rabon kaya: keke na babbar 'yarta, almakashi na Auta, telan tsallake kuma a ce masa ta yafe.

"Ta baki nake numfashi," ta ce. "Kun taɓa ganin mai sauran kwana yana haka?"

Auta ta taɓa goshinta ta ji zafi, ta tuna maganar likita, suka kwashe ta sai asibiti. Likitar ta ce mura ce, amma gara da suka zo, a dakatar da maganin har zazzaɓin ya sauka.

Da Goggo ta warware ta buɗe shago, sai ta tarar da jikin taga wayam. Ashe babbar 'yar tuni ta sa an ɗauke keken.

"Goggo, ai gaban shaidu kika ba ni," in ji 'yar.

"Wadda ta ba ki, mutuwa take yi. Ni na fasa. Ɗauko min abina!"

Har yanzu tana ɗinki, tana shan maganinta a kan kari. Sai dai duk wanda ya yi tari, daga bakin ƙofa take auna shi da ido, shi ya sa rigunan masu mura a unguwar suke fitowa burum-burum.