Daminar Da Na Yi Wa Dokin Baba Aski

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a sana'ar aski waɗanda tuni suka fita daga kaina, amma daminar da na yi wa dokin mahaifina aski ba za ta taɓa fita ba. Har yau idan na je garinmu Beli akwai masu kirana wanzamin doki, ni kuwa amsawa nake da ƙarfi, don ban ga abin kunya ba.

Shagona yana Karaye, kusa da tasha. Baba bai taɓa son sana'ar nan ba. A wajensa ɗan da ya bar gona ya tafi shafa kan ƙatti ya ɓata wayonsa. Bai taɓa taka shagon ba, kuma duk sanda na ce zan rage masa suma sai ya ce yana da wanzaminsa mai aska, ba ya son abin da yake kuka a kunne. Abin yana ci mini rai ƙwarai, sai dai ban taɓa nuna masa ba.

Baba yana da wani tsohon doki baƙi wuluk, wanda ya fi shekara goma a turkensa. Da idanunsa suka yi rauni ya daina hawa, amma kullum da safe sai ya lalubo turken ya ba shi dusa da kanwa, yana yi masa hira kamar mutum. Tun rasuwar mahaifiyarmu dokin nan ne abokin zamansa.

A daminar nan kirci ya kama dokin. Ƙuraje suka feso masa daga wuya har gadon baya, gashi ya cure da ruwan ciwo, ƙuda ya yi masa caa, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Malamin dabbobi ya zo daga Rogo ya duba, ya ce magani ba zai kai ga fata ba sai an aske gashin wurin tas. Yayana, wanda gidan yake hannunsa, ya ce wahalar banza ce, gara a sayar wa masu loda dawaki zuwa kudu tun yana da sauran nama. Kowa ya san abin da ake yi da dokin da ya hau motar nan. Baba kuwa sai ya tura kwanon tuwonsa gefe.

Ni kuwa na ce zan aske shi. Na zo da kilifa biyu daga shago: babba mai waya, wadda in dai da wuta ba ta gajiya kuma ba gashin da yake gagararta, da wata ƙarama mai caji, marar ƙara, wadda ba ta jimawa take mutuwa. Yaya ya dube su ya ce, "In dai za ka yi, ɗauki babbar a gama yau. Wannan 'yar abar ko gemuna ba za ta iya ba."

Muka aro janareto, aka ɗaure dokin tamau. Ana tayar da injin dokin ya zare ido, jikinsa ya ɗauki ɓari. Ina matsowa wayar ta shafi ƙafarsa ta gaba. Wayyo! Ban san ko maciji ya ɗauka ba ne, sai ganinsa muka yi tsaye a kan ƙafafun baya, igiya ta tsinke, ya kai harbi ya kifar da janareton. Yaya, da duk ƙibarsa, ban ga lokacin da ya tsallake danga ba. Daga can waje yake ɗaga murya, "To ka gani! Ranar kasuwar Karaye zan kawo mai saye, magana ta ƙare."

Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, don Allah ka bar ni zuwa kasuwa ta sama. In bai tashi ba ni da kaina zan ja shi zuwa mota." Ya ce ya ji, amma kar in zo ina yi masa kuka.

A hanyar komawa ne dabara ta faɗo mini. Ai kullum ana kawo mini yara masu tsala ihu da sun ga kilifa, kuma ban taɓa danne ko ɗaya ba. Kunna ta nake in ɗora a hannuna, in ba yaro ya taɓa, sai ya ga ba ta cizo. To doki fa? Shi ma tsoro ne.

Na rufe shago na tare a Beli da 'yar ƙaramar. Ranar farko ko gashi ɗaya ban taɓa ba. Na kunna ta a aljihu ina ba shi harawa, yana ci yana karkaɗa kunne. Washegari na bar shi ya shinshina ta, na ɗora bayanta a kafaɗarsa don ya ji motsinta. Sai a rana ta gaba na fara yanka, bayan na jiƙa ɓawon ƙurajen da ruwan ɗumi. Ina aske wuri kamar faɗin faranti caji ya ƙare, sai in shafa magani, in hau babur in kai wa mai cajin waya da yake da sola, in zauna jira. Na kafa masa rumfa da tsohon kwano don ruwan sama ya daina dukansa.

Kai, na sha dariya! Doki ya koma dabbare-dabbare, nan gashi nan fata. Masu wucewa gona sukan leƙo ta kan danga su ce, "Wanzami, wane salo ne wannan, na 'yan ƙwallo?" In ce musu su kawo jakunansu, akwai ragi. A zuci kuwa tsoro ne fal, don kwanaki suna tafiya, ga warin ciwo har cikin hancina ko na yi wanka. Baba yana zaune a kan buzunsa a bakin zaure, bai taɓa ce mini sannu ba, amma na lura duk sanda kilifa ta yi shiru sai ya ɗago kai.

Ranar da aka yi alkawari Yaya ya zo da mai saye. Dokin bai yi kyan gani ba, gaskiya, amma ƙurajen sun bushe, ƙuda ya watse, wani lallausan gashi ya fara tsirowa, ga shi ya dage yana cin dusa. Baba ya taso da sandarsa, ya ɗora tafinsa a wuyan dokin, ya bi gadon bayan a hankali har ƙarshe. Dokin ya juyo ya sa hanci a hammatarsa. Sai Baba ya ce wa baƙon, "Malam, ka sha hanya, a kawo maka ruwa. Amma dokin nan yana gida."

Yaya ya sosa ƙeya ya raka baƙonsa. Ina tattara kayana sai na ji Baba ya ce, "Kai, zo nan. Abar nan taka da sauran wuta a cikinta?" Na ce da saura kaɗan. Ya zauna a kan turmi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To wanke ta, ka sauya mata baki. Hannun da dokina ya yarda da shi, ni ma na yarda."

Na wanke ta, na sauya mata baki, na fara yi masa aski. Na aske kawunan da ba zan iya tunawa ba, amma ban taɓa jin ni cikakken mai sana'a ba sai ranar da farar sumar Baba take zuba a kan ƙafafuna. Har ya bar duniya ba wanda ya ƙara taɓa kansa sai ni.

Yanzu masu dawaki sukan zo su tambaye ni wacce za su saya, mai waya ko mai caji. Nakan ce mai waya ta fi ƙarfi, ba musu, amma su fara duba dabbar da za ta tsaya a ƙarƙashinta. Abin da daminar nan ta koya mini ke nan: mai jin tsoro da mai taurin kai duk ba a shawo kansu da ƙarfi, sai da haƙuri, kaɗan-kaɗan. Da shi na samu dokin, da shi kuma na samu Babana.