Kwalbar Ƙarin Jinin da Na Saya wa Inna

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare a nan Kontagora ba, mahaifiyata ta yi jinya. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a Auna, inda take zaune tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Zazzaɓin ya tafi, amma ƙarfi ya ƙi dawowa. Matar da take yini a tsaye a bakin murhu, sai ga shi in ta ɗauko bokitin ruwa ɗaya sai ta nemi wuri ta zauna tana haki.

Na ɗauko ta na kawo ta asibiti. Likita ya ja fatar idonta ya duba, ya tura mu gwaji, ya ce jininta ya yi ƙasa. Ya rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce ta sha na wata uku a dawo a sake aunawa.

Da na je karɓar maganin, sai aka miƙo min wasu 'yan ƙwayoyi jajaye a cikin farar leda. Arharsu ce ta fara ɓata min rai. Na dube su a tafin hannuna, na ce a raina, yanzu uwar da ta sayar da ƙuli-ƙuli ta kai ni har kwaleji, wannan zan kai mata? Ga ni da albashi?

A makon ne wani abokina da muke koyarwa tare ya buɗe min bayan motarsa. Ya shiga harkar sayar da magungunan gina jiki, kwalaye ne a jere. Ya zaro wata babbar kwalba mai murfi ruwan zinariya, da hoton wata tsohuwar Baturiya tana gudu a bakin teku.

"Wannan ka kai wa Inna," ya ce. "Jini, ciwon gwiwa, suga, hawan jini, har ido yana wankewa. Daga waje ake kawo shi. Matata ma shi take sha."

Ba ƙarya yake min ba, har zuciyarsa ya yarda da abin. Ni kuma, in faɗi gaskiya, tsadar ce ta gamsar da ni. Ku tuna fa, darasin da nake koyarwa shi ne ilimin halittu. Ni ne nake tsayawa gaban allo ina zana ƙwayoyin jini da jan alli. Amma ko juya kwalbar ban yi ba in ga abin da ke bayanta.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Auna, na ajiye kwalba biyu a gaban Inna, a kan idon maƙwabta. Ta yi ta sa albarka. Ta ce dama waɗancan jajayen suna ɗaure mata ciki, bahayanta ma ya koma baƙi. Na ce, "To ki ajiye su, Inna. Wannan ya fi su nesa ba kusa ba." Da bakina na faɗa.

Duk lokacin da na kira ta a waya, amsarta ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina shan maganinka."

Wajen wata biyu bayan haka, ina cikin aji, ƙanwata ta kira. Jiri ya ɗebi Inna a kasuwa, ta faɗi a gefen tirenta. Kafin la'asar an kawo ta Kontagora. Aka sake gwaji, jinin ya yi ƙasa fiye da na farko. Likitan ya tambayi ko tana shan maganin da ya rubuta. Ƙanwata ta buɗe jaka ta ciro kwalbar zinariya. Ya karɓa, ya juya ta, sai ya ce in kai wa matar da ke ɗakin magani ta gani. A ranar sai da aka ƙara wa Inna jini.

Matar ɗakin maganin dattijuwa ce, 'yar wajen Rijau, Hausarta da ɗan karin harshen Dukawa, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Na yi zaton faɗa za ta yi min. Sai ta jawo min kujera, ta miƙo min kwalbar.

"Malam, an ce kai malami ne. Karanta min, sinadarin ƙarfe nawa ne a cokali ɗaya?"

Na juya, na sake juyawa. Sunayen ganyaye ne birjik, da manyan alkawura, amma babu inda aka rubuta ko nawa ne na wani abu. Na ce ban gani ba.

"Ba za ka gani ba. Mai abin kirki ba ya ɓoye awonsa. To wa ya yi shi? A wane gari?"

Sunan ƙasa kawai aka rubuta, babu gari, babu titi. Lambar rajistar hukuma ma babu. Sai ta sa farce ta kankare wata 'yar takarda da aka manna a gindin kwalbar, inda aka rubuta ranar da zai daina aiki. A ƙarƙashinta akwai wata ranar daban, wadda ta wuce tun kafin Inna ta fara zazzaɓi.



Ta ɗauko irin ƙwayoyin da na raina, a cikin kwalinsu na asali, ta ajiye kusa da tawa. Kwali ne fari, ba hoto, ba ado. Ta nuna min da bakin biro: ga sunan sinadarin, ga yawansa a kowace ƙwaya, ga adireshin masu yi, ga lambar rajista, ga ranar da aka buga a jikin kwalin kansa, kuma ita ce dai a jikin katin ƙwayoyin.

"Kuma wanda ya sayar maka, a ina yake ajiye nasa?" ta tambaya.

Na ce a bayan mota.

"A zafin ranar garin nan? Ko mai kyau ne ai ya dahu." Ta yi 'yar dariya, sannan ta ce, "Malam, duk abin da aka ce maka yana maganin jini da suga da ido a lokaci guda, ka ajiye wa mai shi. Baƙin bahayan da Mama ta gani kuwa, haka ƙwayar take yi, ba illa ba ne. Da kun dawo kun faɗa, da mun gaya mata yadda za ta sha ba ta wahala ba."

Washegari ta zo da kanta har gadon Inna. Ta ce ta daina haɗa ƙwayar da shayi, ta riƙa binta da lemo, ta yawaita zogale da wake, da hanta in an samu. Likita kuma ya gano akwai tsutsar ciki da ke shan jinin, ya ba da maganinta. Wannan kam ko kwalba ɗari na saya ba za ta taɓa shi ba.

Da muka rage mu biyu, na zauna a bakin gadon na ce, "Inna, ki yafe min. Ni na sa ki ajiye maganinki."

Ta gyara zanenta. Can ta ce, "Ai tun sati na biyu na san ba ya yi min komai. Ruwan zaƙi ne kawai."

"To me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ga yadda ka shigo da shi," ta ce. "Fuskarka kamar ranar da ka kawo min sakamakon jarrabawa. Sai na ce bari in shanye tukuna."

Fita na yi na tsaya a baranda.

Inna ta warke sarai. Kafin damina ta ƙare ta koma bakin murhunta. Abokina kuwa, da na kai masa kwalbar na nuna masa ranar da aka rufe, sai ya tuna da matarsa, wadda take shan maganin alhali tana da ciki a lokacin. A ranar ya kai ta awo, kuma bai sake buɗe wa kowa bayan motar nan ba. Har yau muna tare.

Yanzu duk abin da zan saya na ƙarin lafiya, na yara ne ko na manya, bayansa nake fara karantawa, kuma sai na tambayi wanda ya san aikin ko ma ana buƙatarsa. Wannan darasin bai yi min wuya ba. Wanda ya daɗe yana damuna shi ne ɗayan: wata biyu cur tana faɗa min "da sauƙi", ni kuma ina karɓa, don abin da nake son ji ke nan. Inna ta tsufa sosai yanzu. In na kira ta ta ce da sauƙi, ba na musu da ita. Sai dai ranar Asabar ta gan ni a ƙofar gida.