Ƙoƙon da Kaka Ta Hana Ni

Har yau idan za a ba yara misali a cocinmu na Kafanchan, sai an jawo sunana. Wai Rifkatu tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta nuna kishin gidan Allah, ko kakarta ba ta rufa wa asiri ba. Duk mai faɗin haka bai san komai ba. Kishi kam na yi shi, amma ba na gidan Allah ba ne. Na gaji da wannan yabo, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, mai jin haushi ya ji.

Lahadin farko ce ta watan Satumba, shekarar da aka bar fam da sule aka shiga naira. An tashi daga sujada, Fasto ya biyo Baba gida kamar yadda ya saba, domin Baba dattijon ikkilisiya ne, Mama kuma ta iya faten acha. Ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa duk warin kwal da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ana jin kan jirgi yana huci a tasha. Na kawo ruwan wanke hannu na durƙusa. Maimakon in tashi in ba manya wuri, sai na ce, "Baba, Kaka tana ba Saratu Jibin Ubangiji a gindin ɗorawa." Hannun Fasto ya tsaya cikin kwano. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita, har da ƙarin da ba wanda ya tambaye ni: girman ƙoƙon da suke sha da shi, abin da ke ciki, da sau nawa na gani. Fasto ya dafa kaina da jiƙaƙƙen hannunsa ya ce, "Dattijo, ka haifi 'ya." Daɗin da na ji a lokacin, Allah ya gafarta mini, ya fi na sabon takalmin Kirsimeti.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Tana zaune a ƙauyenmu, tafiyar sa'a biyu a ƙafa daga Kafanchan, can nake yin kowane hutu. Saratu kuwa 'yar ƙanen Baba ce, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba. Uwarta ta sake aure, aka bar ta hannun Kaka tun tana ƙarama. Sa'ata ce, wata uku na ba ta. Tare muke tsinkar gauta, tare muke korar tsuntsaye a gonar acha, tare muke kai wa aladu dusa, mu yi carafke a kan dutsen da ake shanya citta har sai Kaka ta yi mana tsawa. Ni ce 'yar birni mai takalmin roba, ni ce mai haddace ayoyi, na ci fensir da sabulu a makarantar Lahadi har ban san iyaka ba. Saratu ko aya uku ba ta iya jerawa. Amma idan Kaka ta gasa gwaza, Saratu take fara ɓare wa.

Kaka tana cikin matan farko da suka bi Yesu a ƙauyen. Ciyawar da aka rufe majami'ar farko da ita, a kafaɗarta ta ɗauko daga fadama, kowa ya san wannan. Matsalar ta zo ne bayan rasuwar kakanmu. Gwauruwa ba ta iya huɗar gona ita kaɗai, sai ta kira gayya, mazan ƙauyen kuwa, har da masu zama a bencin gaba ranar Lahadi, ba sa ɗaga garma idan ba burkutu. Kaka ta dafa. Dattawa suka sa ta horo: ba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, ba shiga cikin ƙungiyar matan zumunta, zama a bencin baya, sai ranar da ta tsaya gaban jama'a ta ce ta tuba ba za ta ƙara ba. Ta ce musu da yarenmu, "Damina mai zuwa zan sake dafawa. Kuna so in yi ƙarya a ɗakin Allah don in samu wurin zama?" Ta zauna a bencin baya shekara guda, waɗanda suka sha burkutun suna wucewa ta gabanta su je su karɓi gurasa. Daga nan ta daina zuwa.

Amma ba ta daina Lahadi ba. Ƙararrawar majami'ar ƙauyen guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a mangwaro. Da an buga na biyu, Kaka za ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno, ta nufi ɗorawar da ke bakin gonarta, Saratu na biye da ita. Ni kuwa Baba ya ba da doka in riƙa zuwa majami'a, ina zuwa. Wata Lahadi a hutun nan na yi ƙaryar ciwon ciki, na lallaɓa ta cikin dawa na laɓe. Suka yi waƙoƙin da muke yi a coci, ba littafi, Kaka tana buga gwiwarta. Sai ta yi addu'a. Ban taɓa jin an yi wa Allah magana haka ba. A cocinmu da Hausa ake yi, da manyan kalmomi, ido a rufe gam. Ita da yare take yi, ido a buɗe, tana ba shi labarin akuyar da ta ƙi cin abinci, tana yi masa mita a kan ruwan da ya yi yawa, har ta tambaye shi ina ya ajiye mata ɗanta. Ta kan yi shiru kamar mai jiran amsa. Bayan haka ta kwance ƙullin zanenta, ta fito da ɗan dunƙulen tuwon acha, ta zuba jan ruwan zoɓo a wani ƙaramin ƙoƙo da ya yi baƙi don tsufa. Ta gutsura ta ci, ta gutsura wa Saratu. Ta kurɓa, ta miƙa mata. "Sha, ki tuna da wanda ya mutu dominki."

Ku gane halin da nake ciki. A cocinmu ranar Jibi, da an gama wa'azi sai a kore mu yara da marasa baftisma waje, a rufe ƙofa. Mu kan leƙa ta taga mu ga farin ƙyalle a kan tebur. An ce sai na shiga ajin baftisma, na ci tambayoyin dattawa, sannan. Ina ƙirga shekarun da suka rage mini kamar mai jiran sallama daga kurkuku. Ga Saratu, mai kaushi a ƙafa, wadda ko sunayen manzanni ba ta sani ba, tana sha a gindin bishiya tana lashe baki!

Lahadi biyu ina laɓewa, a ta uku na fito fili. Kaka ba ta ko razana ba, ashe tun ranar farko ta ga farin takalmina a cikin dawa. Na tsaya na zuba mata sura guda cur ba tuntuɓe, don ta san da wa take magana. Ta ce, "Kai, Malama, kin fi rediyo." Sannan na miƙa hannu na ce a ba ni ƙoƙon. Ta dube ni ta girgiza kai. "Ke kina da uba, ubanki kuma yana da teburinsa. Ba zan raba ki da gidanku ba. Wannan ba ta da kowa sai ni da Shi." Saratu ta sunkuyar da kai, bakinta ja da zoɓo. Na juya na tafi ina tattaka dawar Kaka da gangan. Sauran kwanakin hutun ban ƙara yin carafke da Saratu ba. Kwana bakwai bayan haka na durƙusa gaban Fasto da ruwan wanke hannu.

Ni a haukata na ɗauka za a hana su ne kawai, kowa ya rasa. Ban san manya ba. Dattawa suka zauna, suka ce Kaka ta tsufa ba abin da za a yi da ita, amma yarinyar dole a cece ta. Ranar Asabar Baba ya hau kekensa, da yamma ya dawo da Saratu a baya, ƙullin kayanta a cinya, idanunta sun kumbura. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da tawa. Wato abin da na ƙi gani sau ɗaya a mako, na jawo shi cikin ɗakina. A addu'ar safe idan aka ce Saratu ta yi, sai ta fara da Hausa ta zarce da yare, ta roƙi Allah ya aika wanda zai ɗebo wa Kaka ruwa, ya sa itacenta ya kama wuta. Mama ta riƙa share ido da bakin zane. Idan nawa juyin ya zo, in jero kalmomin Fasto tsaf, a ce amin, a tashi. Ba wanda ya taɓa kuka don addu'ata. Saratu ta san ni na kai ƙara, an faɗa a gabanta ana yabona. Ba ta taɓa tambayata ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Kaka ta yi shekara biyu ita kaɗai. Maƙwabta sun ce ba Lahadin da ba ta je gindin ɗorawa ba, kuma duk godiyar girbi sai ta ba wata maƙwabciya kwandon acha ta kai mata majami'a. An hana ta tebur, amma ban taɓa jin an mayar da kwandon ba. Ta rasu lokacin haƙar citta. Aka ce tana cikin horo, ba za a shigar da gawa majami'a ba, matan zumunta kuma ba za su sa ankonsu ba. Ba su sa ba. Da zanen gida suka zo, ɗaya bayan ɗaya, kowace da tulun kiɗanta a hammata, suka cika tsakar gidan suka yi waƙa har ƙasa na motsi. A bakin kabari Baba ya cire hula zai yi addu'a, murya ta ƙi fita. Mutumin da ke wa'azin sa'a guda ba ya shan ruwa. Ya juya ya ce, "Saratu, 'yata, yi mana." Ni ina tsaye a gefensa. Kuna so in ce kunya na ji? Kishi na ji, a bakin kabarin kakata. Da aka raba kayan ɗakin, ba wanda ya kula da wani baƙin ƙoƙo, Saratu ta sa shi cikin rigarta.

A sakandare na sha zama cikin gardamar 'yan zumuncin ɗalibai Kirista. Wasu su ce coci ba komai ba ce, bangaskiya a zuciya take. Wasu su ce wanda ya bar taro ya bar Allah. Duka biyun suna ba ni haushi, domin ba su san Kaka ba. Matar da ta bar majami'a, amma ba ta fara waƙa sai ta ji ƙarfen majami'ar. Waƙoƙin da ta tafi da su gindin ɗorawa, a ina ta koya? Ni ɗin ma da ta hana ni ƙoƙo, dokar teburin Baba ta kiyaye. Matan da suka binne ta, cocin da ta hana su anko ita ta koya musu zuwa gidan makoki. Na yi ta ƙoƙarin raba abin nan biyu kamar yadda ake tsince tsakuwa daga acha, ban iya ba. Abin da na sani kawai, dattawa sun tsare ƙofa da kyau, Shi kuma ya zaga ta gona.

Yanzu majami'ar ƙauyen ta samu kwano da siminti, an sayo ƙararrawa ta gaske, ɗorawar kuma an sare ta an yi katako. An yi mana baftisma rana ɗaya ni da Saratu. Ina zama a tebur duk wata, ana miƙo mini ɗan kofi mai sheƙi, in sha in jira in ji wani abu, shiru. Saratu tana Zonkwa tana koyon ɗinki, tana cikin mawaƙan cocinsu, ba ta fashin Lahadi. Ita ba ta taɓa ganin akwai abin zaɓa ba.

Ranar Asabar zan shiga jirgin safe in je wurinta, da mudun acha da zoɓo a jaka. Ta san ni na faɗa, amma ita ma an gaya mata don Allah na yi. Zan gaya mata don me na yi. Bayan haka zan ce ta ɗauko ƙoƙon. Idan ta hana ni, ta yi daidai, sai in sake komawa.