Wa Ya Kai Keken Baba Gyara?

Jama'a, ku ji wani abin al'ajabi!

Yau na fito da tsohon keken marigayi Babanmu daga ɗakin da na kulle tun rasuwarsa. Na kai wa mai gyara a unguwar Bacirawa ya sauya firiwil, haƙoran bayan nan da sarƙa ke ja.

Ya ce, "Irinsa ya ƙare a kasuwa, na kekuna masu giya kuma ba ya hawa."

Sai ya duƙa, ya duba firiwil ɗin da ke jikin keken, ya ce:

"Malam, ai sabo ne! Na ƙarshen da ya rage min, jiya na ɗaura wa wani dattijo a keken nan. Mai ɗaure ƙafar wando da robar taya."

Haka Baba yake yi!

Mai gyaran ya ƙara da cewa, "Har ya ce ɗansa zai zo yau."

Wallahi makullin ɗakin bai taɓa barin aljihuna ba.